Darasi: Haɗa Kek ɗin Biki a Gida Don Babban Taro

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran mai karatu zai iya:
1. lissafa girman kek daga yawan mutanen da aka gayyata;
2. auna kayan haɗi da sikeli, ya kuma ninka su daidai gwargwadon faɗin gwangwanin gashi;
3. tsara kwanakin aiki bisa ga abin da obin ɗin gida zai iya ɗauka;
4. zaɓar shafen da ya dace da zafi, damina ko hunturu;
5. ɗora hawa bisa hawa, ya kai kek wurin taro, ya yanka shi ba tare da asara ba.

1. Asalin kek mai hawa da matsayinsa a biki

Kek mai hawa-hawa baƙo ne a ƙasar Hausa, domin abin da aka gada na zaƙi a harkar aure shi ne alkaki da nakiya da dubulan, waɗanda ake kaiwa a gara, kuma har yau ba su rasa matsayinsu ba. Al'adar farin kek na aure daga Ingila ta yaɗu, inda kek ɗin auren Sarauniya Biktoriya da Yarima Albert a shekarar 1840, wanda nauyinsa ya haura kilo 130 kuma aka lulluɓe shi da farin shafen sukari, ya zama abin koyi ga masu hali. A biranen Kano da Kaduna da Zariya da sauransu, yanka kek ya zama ɓangare na liyafar dare da ake kira dina, wani lokaci kuma na kamu ko wuni, kuma saboda tsadar odar kek daga shago, mata da yawa sun koma yin nasu a gida, ko dai don bikin dangi ko kuma a matsayin sana'a. Darasin ya ginu a kan magana ɗaya: babban kek tarin ƙananan kek ne da aka gasa ɗaya bayan ɗaya, aka jera su bisa madogara, saboda haka rabin aikinsa a takarda da biro ake yin sa tun kafin a fasa ƙwai.

Akwati na 1: Muhimman kalmomi
Faifai: kek guda ɗaya kamar yadda ya fito daga gwangwanin gashi, mai kaurin inci 2.
Hawa: faifai biyu masu faɗi ɗaya da aka haɗa da kirim a tsakani, tsayinsu inci 4.
Yanka: rabon mutum ɗaya, mai faɗin inci 1 da tsawon inci 2 da tsayin inci 4.
Kek ɗin nuni: mai hawa-hawa da ado, wanda amarya da ango suke yankawa a gaban jama'a.
Kek ɗin rabo: mai kusurwa huɗu marar ado, wanda ake yankawa a bayan fage a raba wa baƙi.

2. Daga yawan baƙi zuwa girman kek

Tambayar farko da mai yin kek za ta yi wa masu biki ita ce mutum nawa ne za a ba kek, kuma wannan ya sha bamban da mutum nawa aka gayyata, domin a wasu bukukuwan manyan tebura kaɗai ake kai wa, a wasu kuma kowa ake sa wa a cikin ɗan kwalinsa. Da zarar an sami adadi, sai a koma ga ƙiyasin da masu sana'ar suke aiki da shi na hawa mai zagaye: mai faɗin inci 6 yana ba da yanka 12, inci 8 yanka 24, inci 10 yanka 38, inci 12 yanka 56, inci 14 kuma yanka 78. Kek ɗin rabo da aka gasa a gwangwani mai inci 9 da 13, idan aka haɗa faifai biyu, yana ba da yanka kusan 50.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a yi ƙoƙarin ciyar da dukan taro da kek ɗin nuni, wanda hakan ke tilasta yin hawa biyar ko shida, alhali obin ɗin gida da wuya ya ɗauki gwangwani mai zagaye da ya wuce inci 12, kuma kowane hawa da aka ƙara yana ƙara nauyi da haɗarin rushewa. Abin da ya fi hikima shi ne a tsayar da na nuni a hawa uku, a cike sauran da na rabo, tunda kwaɓinsu ɗaya ne, kuma baƙon da aka miƙa wa yanka a faranti ba zai san daga wanne aka yanko ba.

Misali na 1. An nemi wata mata ta yi kek ɗin bikin ƙanwarta, za a ba mutum 300. Ta zaɓi hawa uku masu inci 12 da 10 da 8, waɗanda za su ba da 56 + 38 + 24 = 118. Saura 300 − 118 = 182. Idan aka raba 182 da 50 za a sami 3 da ɗoriya, don haka za ta yi kek ɗin rabo guda 4, wato yanka 200. Jimilla 318 ke nan, rarar 18 kuma ta maye gurbin gefunan da ba su yanku da kyau ba da rabon waɗanda ba a lissafa da su ba, waɗanda biki ba ya rasa su.

3. Kwaɓi da awo

Kek ɗin da za a ɗora wa nauyi yana bukatar jiki mai ƙwari, saboda haka kwaɓin da ya fi dacewa shi ne tsohon haɗin nan na kaya huɗu masu nauyi ɗaya, wato bota da sukari da ƙwai da fulawa, wanda Ingilawa da Faransawa suka daɗe da saninsa. Kek mai laushi irin na soso, wanda ake bugun ƙwai kaɗai ya tashe shi, yana da daɗi a baki amma yana lotsewa a ƙarƙashin hawa biyu.

Akwati na 2: Kwaɓi ɗaya
Bota giram 250, sukari giram 250, fulawa giram 250, ƙwai 5 (kowane kimanin giram 50 ban da ɓawo), bekin foda ƙaramin cokali 2, ɗan gishiri, filebo ko gyaɗar ƙamshi. Nauyin duka kusan kilo 1 ne.
Bekin foda: farin gari mai fitar da iska idan ya sami laima da zafi, iskar ce kuma take kumbura kek. Wani mai haɗa magunguna a Birmingham, Alfred Bird, ya ƙirƙiro irinsa a 1843.

Wajibi ne a yi awo da sikeli. Gwangwanin madara da mudu sun wadatar a kasuwa, amma gwangwanin fulawa da aka danna ya fi wanda aka tankaɗe nauyi sosai, kuma bambancin da ba a lura da shi a kwaɓi ɗaya yakan zama kilo guda idan aka maimaita shi sau ashirin, sai wani faifan ya fito da tauri wani kuma ya fito yana ɓarewa. Ƙaramin sikelin kicin mai batir ya fi kowane kayan ado muhimmanci ga wadda take son ta riƙi wannan aiki.

Ana fara buga bota da sukari har sai sun yi haske sun yi sauƙi, domin ƙwayoyin sukari suna huda bota suna shigar da iska a ciki, kuma wannan iskar ce bekin foda zai faɗaɗa a obin. Daga nan a zuba ƙwai ɗaya bayan ɗaya ana bugawa, saboda idan aka juye su gaba ɗaya, ko aka zuba masu sanyi daga firji, haɗin yakan tsinke ya yi gudaji-gudaji. Fulawa ce ta ƙarshe, bayan an tankaɗe ta tare da bekin foda, kuma a nan bugu ya ƙare, sai juyawa a hankali da muciya ko babban cokali har farin garin ya ɓace, domin fulawa tana da wani sinadari mai danƙo da ake kira gulutin, wanda yawan bugu ke tayar da shi, kek ya koma kamar burodi. Ba a kwaɓa abin da ya fi wanda zai shiga obin nan take, tunda bekin foda yana fara aiki da zarar ya jiƙe, kwaɓin da ya jira awa biyu a kwano kuma ya riga ya yi asarar wani ɓangare na tashinsa.

Akwai abin lura ga gidan Musulmi. Baƙin kek mai busassun 'ya'yan itatuwa irin na Turawa da giya ake jiƙa shi don ya daɗe, wasu nau'o'in filebo ma a barasa ake narka su, kuma jelatin da ake sa wa a wasu fondan, wato kwaɓaɓɓen sukarin da ake lulluɓe kek da shi, sau da yawa daga alade ake samunsa, saboda haka a karanta jikin kwalba da kwali, a nemi lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi da kuma alamar halal. Idan ana son 'ya'yan itatuwa, a jiƙa zabibi da dabino a ruwan lemo ko baƙin shayi, tare da sanin cewa irin wannan ba ya ajiyuwa kamar nasu.

Yadda ake ninka kwaɓi shi ne wurin da lissafin mutane da yawa ke karkacewa, domin hankali yana ba mutum cewa gwangwani mai inci 12 ya ninka mai inci 6 sau biyu, alhali sau huɗu ya ninka shi, tunda yana ƙaruwa ta tsawo da ta faɗi a lokaci ɗaya. Ƙa'idar ita ce a ninka faɗin kowane gwangwani da kansa, sannan a raba babban sakamako da ƙaramin.

Misali na 2. Hawa mai inci 8 yana cin kwaɓi 1½. Ga inci 10: 10 × 10 = 100, 8 × 8 = 64, 100 ÷ 64 ya kusa 1.6, sai 1.6 × 1½ = 2.4, a cike shi 2½. Ga inci 12: 144 ÷ 64 = 2.25, sai 2.25 × 1½ ya kusa 3.4, a cike shi 3½. Kek ɗin nuni ya ci 1½ + 2½ + 3½ = 7½. Kowane kek ɗin rabo yana cin 3½, guda huɗu 14 ke nan. Jimilla 21½, a ɗauka 22. Matar da ke Misali na 1 za ta sayi fulawa kilo 5½, sukari kilo 5½, bota mai giram 250 guda 22, bekin foda kimanin giram 200, da ƙwai 110, wato kiret 4 masu ƙwai 30, domin rarar goman ta rufe waɗanda suka fashe ko suka lalace. Kowane ƙwai a fasa shi a ƙaramin kofi daban kafin a zuba, don kada ruɓaɓɓe ɗaya ya ɓata kwaɓi.

4. Gashi da tsarin kwanaki

Ana kunna obin minti 15 kafin a sa kek, a shafe gwangwani da bota, a shimfiɗa takardar gashi a ƙasansa, a zuba kwaɓi kada ya wuce kashi biyu bisa uku na zurfinsa. Zafin da ya dace yana tsakanin digiri 160 da 170 a ma'aunin Salshiyas, kuma gwargwadon faɗin gwangwani gwargwadon sassaucin wutar da yake so, saboda zafi daga gefe yake shiga, idan ya yi yawa gefen zai ƙone tsakiya tana ɗanya, ko tsakiyar ta yi tozo ta tsage. Faifai mai inci 8 yakan ɗauki minti 35 zuwa 45, mai inci 12 kuma kusan awa ɗaya. Naɗa jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta a jikin babban gwangwani yana rage saurin gasuwar gefe, fuskar kek ta fito a shimfiɗe, sai dai a obin ɗin gas a tabbata tsumman bai kusanci harshen wuta ba. Ba a buɗe ƙofa a rabin awa na farko, kuma alamar gasuwa ita ce tsinken tsire da aka soka a tsakiya ya fito a bushe.

Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, obin ɗin gas ya fi kwanciyar hankali, kuma a cika tukunyar gas tun kafin ranar, domin kek ɗin da wuta ta ɗauke masa a tsakiyar gashi yakan faɗa ciki kuma ba ya sake tashi. Gashi a babbar tukunya mai yashi a ƙasa bisa gawayi yana yiwuwa, kuma ya dace da ƙananan faifai da kek ɗin rabo, amma riƙe zafinsa daidai har awa ɗaya a ƙarƙashin faifai mai inci 12 sai wadda ta saba.

Misali na 3. Faifan da ake bukata 14 ne: 6 masu zagaye da 8 na rabo. Obin ɗin matar yana ɗaukar masu inci 8 biyu tare, sauran kuwa ɗaya-ɗaya, saboda haka zubi 13 za ta yi. Idan kowane zubi tare da kwaɓi ya ci awa ɗaya, awa 13 ke nan, wanda bai kamata a cusa shi a yini ɗaya ba. Dina ranar Asabar ce: Litinin cefane da adon fondan da ke bukatar bushewa, Laraba gashin na nuni, Alhamis gashin na rabo, Juma'a shafe da lulluɓi, Asabar ɗauka da ɗorawa. Kek mai yawan bota yana jure kwana uku idan ya huce sarai aka naɗe shi da leda mai mannewa, kuma wanda ya kwana ya fi sabon fitowa yankuwa.

5. Shafe da yanayin gari

Akwati na 3
Kirim ɗin bota: bota kashi ɗaya da garin sukari mai laushi kashi biyu, a buga har ya yi santsi.
Shafen farko: siririn kirim da ake shafawa don ya kama ɓurɓushi, ya kuma toshe ramuka.
Fondan: kwaɓaɓɓen sukari mai miƙewa da ake murzawa a lulluɓe kek da shi.

Kafin shafe ana yanke tozon kowane faifai da doguwar wuƙa har ya daidaita, domin ɗan karkacewa a hawan ƙasa yakan bayyana sosai a hawan sama. Kowane hawa a kan nasa allon kwali mai ƙwari ake gina shi, a sa kirim tsakanin faifan biyu, a yi shafen farko, a bar shi ya kama jiki.

Zaɓin shafen waje kuwa yanayi ne ke yanke hukuncinsa. Botar madara tana narkewa tun zafi bai kai digiri 35 ba, alhali a bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana a Kano da Sakkwato da Maraɗi yakan kai 40, don haka kek mai kirim zalla ba zai tsaya a rumfar da ba ta da na'urar sanyaya ɗaki ba, bugaggen kirim na madara kuma ban da zubewa har lalacewa yake yi ya cutar da ciki. A irin wannan lokaci majarin ko daskararren man gashi ya fi juriya, fondan kuma ya fi rufin asiri. Da damina laima ce matsalar, domin sukari yana jan ruwa daga iska, fondan ya yi zufa ya yi danƙo, musamman idan an fito da shi daga firji, saboda haka lulluɓaɓɓen kek a ɗaki mai fanka ake ajiye shi cikin kwali. Da hunturu kuma fondan yana bushewa ya tsattsage tun ana murza shi, maganinsa shi ne a shafa ɗan mai a hannu, a rufe ragowar da leda, a yi aiki da hanzari. Shafen da ake yi da ɗanyen farin ƙwai ya fi kyau a bar shi ga adon da ba za a ci ba, tunda ɗanyen ƙwai na iya ɗaukar ƙwayoyin cutar gudawa, taro kuma akwai yara da tsofaffi da masu juna biyu.

Faɗin fondan da za a murza shi ne faɗin hawa, a ƙara tsayinsa sau biyu, a ƙara inci 2 na rara, wato 12 + 4 + 4 + 2 = 22 ga hawan ƙasa. Hawa ukun za su ci fondan kusan kilo 3.

6. Ɗorawa, ɗauka da yanka

Kek mai hawa kamar bene yake, ginshiƙai ne suke ɗauke da nauyin sama, kuma ginshiƙan su ne sanduna na katako mai tsabta ko na roba mai kauri da ake sokawa a hawan ƙasa har su taɓa allo. Ana auna sanda ɗaya a wurin da hawan ya fi tsayi, a yanke ta daidai da fuskarsa, sannan a yanke sauran da tsawonta, domin idan ɗaya ta gaza sauran, allon sama zai jirkice ta wajenta. Hawa mai inci 12 yana son sanduna 6 zuwa 8 a jere cikin da'irar da hawa na biyu zai zauna, mai inci 10 kuma 4 ko 5.

Kek ɗin da aka gama zai kai kusan kilo 12, saboda haka kowane hawa a kwalinsa daban ake ɗaukarsa, a ajiye shi a shimfiɗaɗɗen wuri a bayan mota bisa tawul don kada ya zame. Kujerar mota a karkace take, cinya kuma ba ta zama waje ɗaya, don haka duka biyun ba wurin kek ba ne. A tafi da sassafe ko bayan la'asar, a riƙe ragowar kirim da fondan da wuƙa don gyara, a duba cewa teburin ba ya rawa kuma ba ya cikin rana, sannan a ɗora.

Bayan amarya da ango sun yi yankan farko, sai a kai kek bayan fage, a sauke hawan sama, a zare sandunan duka a ƙirga su, don kada guntun katako ya shiga farantin baƙo. Ana yanka kowane hawa layi-layi masu faɗin inci 2, kowane layi kuma a yayyanka shi inci ɗaya-ɗaya, ana goge wuƙa da tsumma mai ɗumi. Idan aka bar wanda bai san lissafin ba ya yanka shi kamar kankana, hawan da aka ƙiyasta wa mutum 56 ba zai wuce 20 ba, saboda haka mai kek ta yanka da kanta ko ta nuna wa wanda zai yanka girman rabo ɗaya.

Tambayoyin bita

1. Mene ne bambancin faifai da hawa, da kuma bambancin kek ɗin nuni da kek ɗin rabo?
2. Za a ba mutum 200 kek, na nuni kuma hawa uku ne masu inci 10 da 8 da 6. Kek ɗin rabo nawa za a ƙara?
3. Idan hawa mai inci 8 yana cin kwaɓi 1½, kwaɓi nawa hawa mai inci 6 zai ci? A nuna lissafi.
4. Don me ake daina bugu bayan an zuba fulawa, kuma don me ba a kwaɓa duka lokaci ɗaya?
5. Ƙwai nawa da fulawa kilo nawa ake bukata a kwaɓi 14?
6. Wane shafe ya dace da bikin da za a yi a rumfa cikin watan Afrilu, kuma saboda me?
7. Waɗanne abubuwa ya kamata a duba a jikin kwalbar filebo da kwalin fondan kafin a saya?
8. A tsara jadawalin aiki na kwana shida don dinar da za a yi ranar Lahadi, da obin mai ɗaukar faifai biyu a kowane zubi.